Fanshon mazan jiya: shaidar magatakarda daga Kusiri

Ni tsohon soja ne, ɗan tsohon soja. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauki bindiga ƙarƙashin tutar Faransa, ya je Indoshin, wato yankin Vietnam, ya je Aljeriya. Ni kuma na yi nawa aikin a rundunar Kamaru har na sauka da igiyar saje. Da na ajiye kaki, 'yan ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji a nan Kusiri suka ɗora mini riƙon littafi, don ina karanta Faransanci kuma layin ofis ba ya gajiyar da ni. Shaidar da zan bayar ta abin da ya bi ta hannuna ce a wannan aiki: yadda haƙƙin soja ke fita, da inda yake maƙalewa.

Mutanenmu kashi uku ne. Akwai ragowar sojojin zamanin Faransa, waɗanda yanzu ba su cika yatsun hannu ba, sai dai matansu. Akwai mu da muka yi ritaya daga rundunar ƙasa, wasu sun yi Bakasi, wasu sun yi farautar masu tare hanya. Sannan akwai sababbin shiga, waɗanda ba mu so ganinsu da wuri haka ba: samarin da suka dawo da rauni daga yaƙin Boko Haram a Fotokol, Kolofata da tsibiran tafkin Cadi tun daga 2014, da matan waɗanda ba su dawo ba. Gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu da Njamena, saboda haka takwarorinmu na Cadi kan tsallako mu haɗa kai, musamman a kan takardun Faransa, tunda iyayenmu bariki ɗaya suka ci tuwo.

Duk wanda zai bi haƙƙin waɗannan tsofaffi sai ya san yadda aka ƙulla abin tun farko, in ba haka ba ma'aikaci zai juya shi da magana biyu. A ranar 26 ga Agusta 1940, ana cikin yaƙin duniya na biyu, gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, washegari Kamaru ta bi. Daga Cadi kwamandan Faransa Leclerc ya tashi da runduna, akasarinta baƙaƙen fata, suka ci Kufra a Libiya ranar 1 ga Maris 1941. Bayan wannan yaƙi aka kwashi ƙannensu zuwa Indoshin har 1954, daga can Aljeriya har 1962. A fagen daga harsashi bai tambayi kowa ƙasarsa ba. Amma a dokar kuɗi ta 26 ga Disamba 1959, sashe na 71, Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci: abin da kake karɓa a lokacin, shi za ka ci gaba da karɓa, babu ƙari, alhali na Bafaranshen da kuka kwana rami ɗaya yana hawa kowace shekara. Kamaru na cikin waɗanda dokar ta fara hawa kansu. Cadi da Senegal da Gabon da Afirka ta Tsakiya sai a shekarun 1970. Shi ya sa za ka ga tsofaffi biyu, igiya ɗaya, shekarun aiki ɗaya, ɗaya a wannan gaɓa ta kogin Logon ɗaya a waccan, amma kuɗinsu ya sha bamban.

Kwance wannan ƙulli ya ci shekara hamsin, kuma ba da roƙo aka kwance shi ba, da shari'a ne. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da tsofaffin sojojin Senegal sama da 700 gaskiya. A 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta yanke hukunci a ƙarar Amadou Diop, ta ce bambancin ya saɓa doka. Shi Diop bai ga hukuncin ba, ya riga mu gidan gaskiya. A ƙarshen 2002 aka yi ƙari, amma bisa tsadar rayuwar kowace ƙasa, wato har yanzu ba a kai ga daidaito ba. Daga Janairun 2007 aka daidaita ɗan kuɗin shaidar yaƙi da fanshon rauni. Sai 28 ga Mayu 2010 majalisar tsarin mulkin Faransa ta rushe ragowar bambancin, sabuwar doka ta fara aiki 1 ga Janairu 2011.

A nan ne mutanenmu da yawa suka yi asara ba su sani ba, kuma ina so a fahimci yadda aka yi. Fansho lissafi ne na abu biyu: yawan makin da mutum yake da shi bisa igiyarsa da shekarunsa, da kuma darajar kowane maki. Dokar 2011 ta gyara darajar maki ga kowa ba tare da ya nema ba. Yawan makin kuwa ta ce sai wanda ya rubuta takarda ya nema, cikin wa'adin shekara uku, daga baya aka ƙara ɗaya. To tsoho yana ƙauye wajen Makari ko Gulfe, ya je karɓar kuɗi ya ga sun ƙaru, ya yi hamdala ya koma gida, yana zaton ƙarin ke nan gaba ɗaya. Wa zai gaya masa akwai saura? A ganina wanda ya iya nemo mutum har bukkarsa ranar ɗaukar soja, bai kamata ya ce sai mutumin ya rubuto masa wasiƙa da Faransanci ranar biyan haƙƙi ba. Wannan shi ne abu na farko da ya sa ƙungiya ta zama dole.

Kuɗin Faransa iri uku ne, kuma mutane na cakuɗa su. Na farko fanshon ritaya, wanda sai soja ya cika shekara 15 a aiki. Da yawa an sallame su kafin su kai, aka damƙa musu kuɗin sallama sau ɗaya, shi ke nan. Irin waɗannan komai yawan lambobin yabon da ke ƙirjinsu ba su da wannan fansho. Na biyu fanshon rauni, wanda ake auna shi da kashi cikin ɗari na naƙasar da likitan soja ya rubuta. Na uku ɗan kuɗin shaidar yaƙi, na mai riƙe da katin da ake kira carte du combattant, ana biyansa sau biyu a shekara daga shekara 65. Katin yana samuwa ga wanda ya yi kwana 90 a rundunar da aka amince ta shiga faɗa, ko wanda aka ji wa rauni a daga. Na Aljeriya kuwa zaman wata huɗu a can ya wadatar. Abin da ya kamata kowace mata ta sani: wannan na uku yana mutuwa tare da mai shi. Ba a gadonsa. Sau da yawa nakan zaunar da iyali in yi musu wannan bayani kafin su sayar da akuya su kama hanyar neman abin da babu shi.

Duk neman haƙƙi daga ɗan littafin soja yake farawa. Wata rana wata dattijuwa ta zo da jikanta, ta kwance ƙullin zane ta fito da gwangwanin alawa da ya yi tsatsa. A ciki akwai lambar yabo guda biyu, da laya, da littafin mijinta wanda gara ta cinye rabinsa.

Ta ce, "Ɗana, duba mini ko akwai abin da ya rage a ciki. Malam ya ce ko gida zai ƙone in fara ɗaukar wannan."

Na ce, "Inna, bari mu gani a hankali, kada ki ja shafin."

Sunan ya tafi, hoton ya tafi, amma a kusurwar shafi na biyu lambar aikinsa tana nan, da shekarar da aka ɗauke shi, da hatimin Fort-Lamy, tsohon sunan Njamena. Waɗannan uku sun isa. Da su ake rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa, a haɗa da takardar mutuwarsa da shaidar dangantakar mai nema. Su kuma su aiko da takardar tarihin aiki, état signalétique et des services, mai ɗauke da ranar shiga, rundunonin da ya zauna, ƙasashen da ya je, raunin da ya samu da ranar sallama. Da wannan takarda ake sanin wane daga cikin kuɗin nan uku mutum ya cancanta. Lissafin fanshon soja a garin La Rochelle na Faransa ake yinsa, biyan na ƙasashen waje kuma ta garin Nantes yake bi, dosiye kuwa, wato tarin takardun neman haƙƙin, ta ofishin jakadancin Faransa ake shigar da ita. Wanda ya aika takarda inda ba nan ne wurinta ba, sai ya shekara yana jiran amsa.

Babban abin da ke kashe dosiye shi ne suna. Magatakardan bariki na wancan zamani yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa. Muhammadu ɗaya zai fito Mahamat a littafin soja, Mohamadou a katin ɗan ƙasa, Hamadou a takardar aure. Wani an haɗa masa da sunan ubansa, wani da sunan garinsu, wani ma da sunan yayansa ya shiga don shi aka nema ya gudu. Ranar haihuwa babu, sai a rubuta an haife shi wajajen shekara kaza, kuma shekarar da ke littafin soja ba lalle ta dace da ta katin ba. Wurin haihuwa a sa Fort-Foureau, sunan Kusiri na zamanin Turawa, ma'aikacin da ke dubawa a yau bai taɓa jin sa ba. Maganin wannan takarda ce da hukuma ke bayarwa, certificat d'individualité, mai tabbatar da cewa sunayen nan duka na mutum ɗaya ne. Ƙa'idarmu a ƙungiya ita ce, a kowace wasiƙa sunan da ke littafin soja shi ake sawa a sama harafi da harafi, ko da kuskure ne, sannan lambar aiki a ƙarƙashinsa. Kada ka ce za ka gyara wa Bature rubutunsa. Da wancan kuskuren ya ajiye mutumin a ma'ajiyarsa, da shi kuma zai nemo shi.

Sai maganar mata, wadda ita ce ta fi cin lokacina kuma ta fi ci mini rai. Matar soja tana da rabin fanshon ritayar mijinta bayan rasuwarsa, in su biyu ne ko uku su raba rabin nan daidai. Amma hukuma ba ta san auren da aka ɗaura a zaure da goro da alawa ba. Liman ya shaida, waliyyai sun shaida, unguwa duka ta ci tuwon biki, an haifi 'ya'ya takwas, amma in babu takardar aure daga magajin gari, a idon ofis wannan baiwar Allah baƙuwa ce. In miji na da rai gyaran mai sauƙi ne: su je tare a rubuta, kuma a tabbatar an rubuta cewa auren na mace fiye da ɗaya ne, domin wanda aka rubuta masa tsarin mace ɗaya ya toshe wa amarya hanya da hannunsa. In ya rasu kuwa sai an bi ta kotu da shaidu, kuma masu duba dosiye za su auna ranar auren da ranar da ya bar aiki, su duba ko akwai haihuwa a tsakani. Shaidun su zama dattawan da shekarunsu suka kai a ce sun halarci ɗaurin auren. Na ga dosiyen da aka yi watsi da ita don shaidan da aka kawo bai kai shekara goma ba a ranar da ya ce ya ga an ba da sadaki.

Bayan takardar aure ana neman takardar mutuwa, da shaidar cewa ba saki a tsakani, da shaidar ba ta sake aure ba, da takardun haihuwar yara, da hukuncin kotu mai fayyace magada bayan zaman dangi. Matsalar ita ce mace tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta fita, kuma a daidai wannan lokaci ne ya kamata a kai rahoton mutuwa. In aka yi sakaci wa'adi ya wuce, takardar da za a karɓa a ofishin magajin gari cikin sauƙi ta koma sai da hukuncin kotu. Saboda haka duk ranar da aka yi mana rasuwa, bayan an dawo daga maƙabarta, mutum biyu daga ƙungiya ke ɗaukar wannan nauyi, tun kafin sadakar uku.

Akwai kuma rigimar cikin gida. 'Yan'uwan mamaci sukan ɗauka wannan kuɗi gado ne, a ba mata tumuninsu a raba saura. Ba haka ba ne. Abin da ya bari na gida da gona da dabbobi, da bashin albashin da yake bin gwamnati kafin ya cika, wannan malamai su raba yadda shari'a ta ce. Amma abin da hukuma ke biyan matar bayan mutuwarsa da sunanta yake fita, nata ne, na marayu kuma nasu ne. Mukan gayyaci limamin unguwa ya zauna a irin wannan zama, domin daga bakinsa an fi karɓa.

Abu biyu ke jawo asara bayan wannan. Ɗaya jinkiri: a dokar fanshon Faransa, wanda ya makara wajen nema ba a biyansa bashin baya sai na shekarar da ya nema da shekara huɗu kafinta, sauran ya bi ruwa. Ɗayan kuma ya fi muni, wato iyali su ɓoye mutuwa su ci gaba da karɓar kuɗin tsoho. Ranar da aka gano, kuma ana ganowa, duk abin da aka ci za a cire shi daga haƙƙin matar, ta zauna shekaru ba ta ga ko dala ba saboda abin da wataƙila ba ita ta ci ba.

Shaidar rai ma wani abu ne. Lokaci lokaci mai fansho sai ya tabbatar yana numfashi, in takardar ba ta isa ba a tsayar da kuɗi ba sallama. Na ga tsoho mai shekara casa'in an ɗaure shi da rawani a bayan jikansa a kan babur, ƙafafunsa na lilo, ana bin hanya mai ramuka da shi don ma'aikaci ya gan shi da ido ya buga hatimi. Ya isa ya tarar mai sa hannu ya fita. Yanzu muna da jerin duk marasa ƙarfi a littafi, da watan da takardar kowa ke cika, kuma mukan roƙi a turo wakili gida. Wani lokaci a yarda, wani lokaci a ce babu man mota, mu haɗa mu zuba.

Ɓangarenmu na sojan ƙasa ciwonsa daban ne. Doka tana nan, akwai ofishin tsofaffin sojoji na ONACAM, kuma tun 2011 akwai ƙaramin minista a ma'aikatar tsaro mai kula da sha'aninmu. Inda ake shan wuya shi ne tsakanin ranar da albashi ya tsaya da ranar da fansho ya fara. Dosiye tana buƙatar takardar sallama, da tarihin aiki, da shaidar tsayar da albashi, da takardun aure da na yara, da lambar asusun banki, kowane kwafi an buga masa tambur, wato kan sarki, an tabbatar da shi. Tambur ɗin da yake sefa 1,000 ya koma 1,500 a 2023, kuma mai 'ya'ya goma kwafi goma zai yi. Wasu takardun suna da wa'adin wata uku, to in dosiye ta kwana a tebur aka dawo da ita saboda harafi ɗaya, sai ka tarar sauran sun mutu, a sake sabon zagaye. Daga nan zuwa Yawunde kuwa sai ka bi Dabanga da Mora zuwa Marwa, ka wuce Garwa, ka kai Ngaundere, sannan ka kwana a jirgin ƙasa. Mutumin da albashinsa ya tsaya, da me zai yi wannan tafiya? Nan ne 'yan kamasho ke samun shiga. Wani zai ce yana da hanya a ciki, a ba shi kashi kaza na bashin in ya fito, har ya karɓi takardun asali ya riƙe su jingina. Mun hana wannan a tsakaninmu. Takardar asali ba ta barin hannun mai ita, kwafi ake bayarwa, kuma duk abin da aka ajiye a ofis sai an karɓo rasit mai lamba da kwanan wata. Wakili ɗaya muke turawa da dosiyen mutum goma ko fiye, daga kuɗin da kowa ke zubawa a wata.

Ga yaran da ke bakin daga yanzu, abin da nake gaya musu in sun zo gaishe ni ba ya canzawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta aurenka, ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa, ka duba sunanka a takardar albashi ya dace da na katinka. In ka ji rauni, ko ƙarami ne, ka tabbatar shugaban rundunarka ya rubuta rahoton yadda abin ya faru, an shigar da shi rajista, likita ya ba ka takardar farko mai kwanan wata. Ƙarar nakiya da ta toshe maka kunne yau, kana saurayi kana dariya, ita ce kurumtar da za ta same ka kana da shekara hamsin, kuma kwamitin likitoci ba zai danganta ta da aiki ba sai da waccan takarda. Wanda ya rasu a bakin aiki iyalinsa na da kuɗin mutuwa ban da fansho, amma shi ma sai rahoton ya nuna a bakin aikin ya rasu.

Abin da muke nema daga hukuma mun rubuta shi, muna kuma maimaita shi duk inda aka ba mu dama, ko ranar faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, da ake jera mu a inuwa da lambobinmu. A fara haɗa dosiyen soja shekara guda kafin ya sauka, tunda ranar saukarsa ba ɓoyayyiya ba ce. A riƙa ba shi wani kaso na fanshon tun watan farko, a daidaita lissafi daga baya. A ba Marwa ikon karɓa da tantancewa, yadda gyaran harafi ba zai kai mutum Yawunde ba. A kawo kotun tafi da gidanka bariki da unguwanni don takardun aure da na haihuwa. Masu rauni kuma a ɗauke musu kuɗin magani da na gyaran ƙafar roba, domin ƙafar roba tana lalacewa, kututturen ma yana canza girma, ba abu ne da ake bayarwa sau ɗaya a ɗauki hoto a watse ba. Ba ma toshe hanya, ba ma ƙona taya; mun yi rantsuwa a kan wannan tuta kuma ba mu warware ba. Takarda muke kaiwa, da sa hannun kowa, mu karɓi rasit, bayan wata uku mu koma da kwafinta.

Ambaliyar 2022 da ta 2024 ta ƙara mana wani aiki. Ruwan Logon da Shari ya shiga unguwanni a Kusiri da Njamena, ya jiƙa akwatuna, tawadar takardu da yawa ta narke. Tun daga nan muka bi gida gida muna ɗaukar hoton kowace takarda da waya, shafi shafi, gaba da baya, a wuri mai haske yadda lamba da hatimi za su fito. Kwafi ɗaya yana wurin mai shi cikin leda, ɗaya a akwatin ƙarfe na ƙungiya da muka ɗora a kan bulo, hoton kuma a tura wa ɗa ko jika da ke wani gari ta WhatsApp. Mun gama da unguwannin cikin gari. Ƙauyukan hanyar Logon Birni da na Makari suka rage, su kuma sai ƙasa ta bushe babur ya iya shiga.